Ƙafar Dama ta Mang Turing

Shekara goma sha tara Aling Nimfa na ɗinka rigunan manzanni goma sha biyu, mazan da Fada, limamin coci, ke wanke wa ƙafa ranar Alhamis Mai Tsarki, ba ta taɓa zaton za ta auna kafaɗar mijinta ba. Amma bana maza sun yi ƙaranci, masu jini a jika duk sun tafi aikin jirgin ruwa, sai Fada Ambrosio ya cike gurbi da mijin nata, Mang Turing.

Turing ɗin da ya tafi Manila sayo kayan babur, ya share shekara goma sha huɗu a ɗakin wata mata. Da ciwon suga ya cinye masa yatsu biyu na ƙafar dama, matar ta ɗora shi a mota ta aiko shi gida. Nimfa ta karɓe shi, ba don ƙauna ba, don dai ba a barin mutum a bakin titi. Kullum da safe ta wanke gyambon ta naɗe, ta tura masa shinkafa da busasshen kifi. Ta gaji da shi, ta gaji da fushin ma, amma ta kasa ajiye shi.

Ta tare Fada a bayan coci.

"Fada, garin nan kaf a rasa manzo sai wannan?"

"Kawo mini wani mai numfashi, Nimfa, yanzu in cire shi."

Ranar Laraba kowane gidan manzo ana fama. Mata su zaunar da mazansu, a dirje diddige da dutse, a yanke farce, wasu har da turare. Haka aka saba, ana kai wa Fada ƙafar da ba ta buƙatar wanki. Kuma ta dama ake wankewa.

Turing ya daɗe yana kallon tasa ƙafar kafin ya buɗe baki.

"Nimfa, don Allah ki roƙa mini Fada ya wanke ta hagu. Ni ba zan iya haɗa ido da shi ba."

"Au, yau ka san kunya? To, na ji."

Ba ta faɗa wa Fada ba. Tun ranar da ya dawo take so gari ya ga abin da ya kwaso.

Da yammacin Alhamis coci ya cika maƙil, ga zafi, kowa na fifita. Fada ya ɗaura tawul, yana jan gwiwa daga wannan ƙafa zuwa waccan, tsohon sai nishi yake. Da ya iso gaban Turing, Turing ya miƙo ta hagu.

"Ɗayar," in ji Fada a hankali.

Turing ya ɗago ya nemo Nimfa a cikin mata. Kallo ɗaya ya gane. Ya miƙa ƙafar.

Yatsun Fada suka kasa kwance ƙullin bandejin. Ya waiwayo.

"Nimfa, zo ki kwance aikinki."

Ba yadda za ta yi. Ta ratsa jama'a ta durƙusa ta warware. Wari ya tashi. Manzon da ke gefe ya kau da kai, matan layin gaba suka kai mafici hanci. Abin da ta jira ke nan, ga shi ya zo, ta laluba zuciyarta ba ta tarar da daɗin komai ba sai nauyi.

Fada ya zuba ruwa sannu a hankali, ya goge, ya sunkuya ya sumbaci ƙafar yadda ya yi wa sauran, bai ƙara ba bai rage ba.

Turing ya fashe da kuka. "Fada, ban cancanta ba."

"Wa ya cancanta a nan? Kama ni in tashi, gwiwar nan ta ƙi."

Su biyun suka ɗaga shi, ya ja kwanon ruwansa ya yi gaba. Nimfa ta koma ƙasa tana mayar da bandejin.

"Ban faɗa masa ba," ta ce wa Turing, kanta a sunkuye.

"Na sani."

Ta kai ƙarshen naɗin, ta tsaya kafin ta ƙulle.

"Ya matse ka?"