Allin Tela a Bayan Ƙofa

Tana cikin farke wuyan rigar sanyin mijinta da reza ne ta gan su. Ƙwarƙwata ne, sun jeru a cikin kalmasa su da ƙwayayensu, kai ka ce haya suka kama. Ita kuwa tela ce, shekara ashirin tana taka keke, ta san ba a gane cikin riga sai an buɗe ɗinkinta.

Ta juya ta dubi bayan ƙofa, inda take ta jan layi da allin awo: kwana biyar yana zazzaɓi, bakwai garau, huɗu zazzaɓi, bakwai garau. Jiya bakwan ta cika. Yau kuma da hantsi zai tashi da babbar mota, tafiyar kwana uku, hanya duk hawa da gangara.

Yana banɗaki yana wanka har da waƙa. Ta kama ƙwarƙwata uku ta jefa a kwalbar maɓallai, ta ɗora babbar tukunya, ta kwashe duk wani abu da yake sawa ta danna a tafasasshen ruwa. Ko singileti ba ta bari ba.

Ya fito ɗaure da tawul.

"Madam tela, ina wandona?"

"Yana dahuwa."

Ya leƙa tukunya, ya dafe kai. "Ke! Lodi fa aka gama tun jiya! Na warke, ba ki gani? Na shanye maganin zazzaɓin sauron tas."

"Karon farko ma ka shanye shi, baban yara, amma abin ya dawo. Dubi ƙofa."

"Ƙofa ce likita yanzu?"

"Ta fi ka iya lissafi dai. Yau zai kama ka, kuma ba a kan sitiyari zai same ka ba, ina raye." Ta ɗago wata sabuwar riga da wando daga kan keke. "Na mai kaya ne, aro zan ba ka. Amma hanyar asibiti kawai suka sani."

To, namiji da tawul ina za shi? Ya saka, yana ƙunƙuni har bakin titi.

Likitar, wata siririya mai tabarau, ta sa aka gwada zazzaɓin sauro, babu. Ta taɓa goshinsa, sanyi ƙalau. Direba ya miƙe yana murmushin nasara.

"Zauna," in ji matarsa. Ta ajiye kwalbar a kan tebur, ta buɗe littafin awo inda ta kwafo zanen ƙofa.

Likita ta daɗe tana kallo. "A ina kake kwana in kana hanya?"

"Ɗakin direbobi a tasha. Bargo ɗaya muke ja, mu da yawa."

"Kana susa?"

"Wa ba ya susa, likita?"

"Akwai zazzaɓin da ke tafiya ya dawo. Kaska na kawo shi, ƙwarƙwata ma haka: ka murtsuke ta wajen susa, ƙwayar cutar ta shige fata. Amma ba ta cika bayyana a jini ba sai jiki ya yi zafi. Ku jira a benci."

Suka zauna. Mai mota ya kira har sau huɗu, a na biyar ya ce ya ba wani direba makulli. Baban yara ya juya mata ƙeya.

"In zazzaɓin bai zo ba fa?"

"Sai in ɗauke ka a baya in kai ka tasha."

Ta fiddo wani hannun riga tana ƙarasa shi da allura, hankalinta kwance. Rana ta karkata, masu jira suka ragu. Sai ta ji bencin yana rawa. Ta soke allurar a gefen mayafi ta je ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Mai gwajin jini da ya gama dubawa, shi da kansa ya kira ta. "Zo ki ga abin da kika kamo." Ta kanne ido ɗaya ta leƙa na'urar duba jinin. Wasu sirara ne a murɗe, kamar zaren da aka warware daga tsohon ɗinki.

Aka ba shi gado. Likita ta ce maganin farko kan girgiza mutum kafin ya sake shi, don haka a gabansu zai sha. Ya kwanta haƙora na kaɗawa, ta lulluɓe shi da mayafinta.

Can ya ce, "Ƙarfe nawa?"

"Huɗu ta wuce."

Ya kalli silin. "Da yanzu ina kan babbar gangarar nan."

Ta gyara masa matashi.

"Ga shi na jiƙa wa mai kaya riga da gumi," ya ce. "Me za ki gaya masa?"

Ta kama kafaɗar rigar, ta ja ta, ta duba yadda ta zauna masa cif.

"Bari kawai," ta ce. "Tun ranar da zazzaɓin ya dawo, na ja layi na uku a ƙofa, na yanka ta da awonka."