Ajuwaya a Ɗakin Mazan Jiya

Ɗanwake ne ya ja mini. Na ci kwano biyu da azahar, na shiga ɗakin taron mazan jiya na garinmu ina jiran Alhaji Nababa ɗan kwangila. Ni ne sakataren kwamiti, kuma da la'asar zan sa masa hannu ya rushe ɗakin da ɗan gidan tarihin da ke jikinsa, ya gina shaguna. Ko a jikina. Rufin yoyo yake, tsofaffin sojojin kuma saura Kofur Jatau kaɗai, wanda ya shekara uku ba ya miƙewa sai an kama shi. Fanka na juyawa a hankali, idona ya bi ta.

Sai na ji an taka ni. Takalmin soja ne, na hagu, ya fito daga akwatin gilashi.

"Tashi, farar hula! Lef! Lef! Lef!"

"Ina rai ɗin?" na tambaya.

"Rai ya tsaya a yaƙin Boma," in ji takalmin. "Biyo ni."

Na bi shi da ɗingishi. Daɓen ya zama kogi, bencina suka zama kwalekwale, sojojin da ke cikin hotunan bango suna ta kwalfe ruwa da hulunan kwano. A tsallake muka tarar da wata tsohuwar begila zaune a kujerar shugaba, tari ya sarƙe ta.

"Me kake nema?" ta ce.

Bakina ya ce, "Ajuwaya," ba da shawarata ba. Ita ce kalmar ƙarshe da kakana, Saje Gwadabe, ya faɗa kafin ya cika. Duk gidanmu mun ɗauka wata mace ce ya baro a wajen yaƙi. Kakata ma don haushi ta raɗa wa akuyarta sunan.

Begila ta yi dariya har gizo-gizo ya faɗo daga maƙogwaronta.

"Sakarai! Umarni ne. In an yi kuskure a fareti sai a ce ajuwaya, kowa ya koma yadda yake."

Kafin in rufe baki, mutanen hotunan nan suka sauko suka yi layi, kowa da ƙunshinsa a ka. Na gaba kakana ne, saurayi, ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Sakatare," ya ce, "a wane shago za ka rataye mu? Wajen mai katin waya ko mai gyaran gashi?"

Bai ce jikana ba. Wallahi wannan ta fi mini ciwo, kunya ta rufe ni. Na buɗe baki in ba da haƙuri, begila ta busa a cikin kunnena.

Na zabura. Alhaji Nababa ne ke zungurina da biro. Leburorinsa har sun fara fitar da bencina, ɗaya ya sauke hoton kakana ya jingine shi a ƙasa, fuska na kallon bango.

"Ajuwaya!" na daka musu tsawa.

"Wace ce kuma?" in ji Alhaji. "Malam Ilu, sa hannu mu wuce."

A bakin ƙofa wata sanda ta faɗi. Kofur Jatau ne, da aka zaunar a can yana shan iska, tsaye cak, ba wanda ya kama shi, dugadugai a haɗe.

"Saje ne ya dawo?" ya ce.

Na mayar wa Alhaji bironsa, na je na ɗauki hoton.