Wata Biyu Ina Zargin Kunnena

Kunnena na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama ne ke lallaɓawa. Shi ya sa babbar 'yata ta saya mini kayan kallo masu sifika biyar, da wani baƙin akwati da ake ajiyewa a ƙasa, wufa suke ce masa. Akwatin nan shi ne nawa. In an buga ganga a fim, a tafin ƙafata nake fara ji, dirin ya bi ƙafar kujera ya iso mini ƙirji.

Ranar da mai gyara ya haɗa kayan, a kan kujerata ya ɗora akwatin, ya kunna kiɗa, ya yi ta rarrafe a falo. Na ce, "Ɗan nan, lafiyarka ƙalau?" Ya ce, "Mama, inda na fi jin dirin, nan ne mazauninsa." Ya kai shi kusurwa, ya murɗa wani maɓalli a bayansa, ya ɗiga masa farin fenti don a san daidai inda ya tsaya.

Shekara guda ina jin daɗina. Sai autana ya dawo gida da zama, wai daga ɗaki zai riƙa aikin ofis da kwamfuta. Da hannuna na share masa ɗakin da ke jikin falo.

Bai yi wata ba diri ya ɗauke. Ganga ta koma kamar ana ƙwanƙwasa gwangwani. Na yafa mayafi na tafi shagon mai gyara, a gaban mutanen da suka kawo masa aiki na ce masa macuci, ya haɗa mini ruɓaɓɓen kaya. Ya ce gobe zai zo ya duba. Bai zo ba.

Auta ya zaunar da ni. "Mama, ni fa ina ji. Har gilashin taga rawa yake. Kunnenki ne."

Ya kai ni asibiti, aka sa mini abu a kai, aka ba mu takarda. Ban yi boko ba, shi ya karanta mini a mota: wai na daman ma ya kama hanya. Ban yi kuka a gabansa ba. Na daina kunna kallo, na daina zuwa suna da biki, don kada a yi mini magana in yi ta washe baki kamar sakarya. Muryar jikokina a waya nake ta saurare, ina cewa ko ita ce ta ƙarshe.

Wata safiya ina goge ƙura, Auta ya fita ya bar fim a kunne, ana ta harbe-harbe. Hannuna na kan akwatin. Ko motsi. To, kunne ya mutu, na yarda. Tafin hannu ma kurumcewa yake yi?

Da ƙafata na je na taho da mai gyara. A hanya yake gaya mini ai Auta ne ya kira shi tun wancan lokaci, ya ce kada ya wahalar da kansa, an gyara.

Ya durƙusa ya bi waya, lafiya lau. Fitilar akwatin na ci. Ya juya shi. "Mama, zo ki gani." Farin ɗigon ya koma can ƙasa. Ya ɗauki rimot ya shiga cikin rubuce-rubucen talabijin, ya ce nan ma an rage wufa har ƙarshe. Sannan ya zura hannu a ramin da iska ke fita a jikin akwatin, ya zaro safa. Ɗaya, biyu, har biyar. Masu ratsin shuɗi. Ni nake wanke su, har nemansu na taya Auta.

Ya mayar da komai, ya kunna. Kujera ta girgiza a ƙarƙashina. Ban ji daɗi ba ko kaɗan.

Na ciro takardar asibiti daga jaka na ce ya karanta mini. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ƙi kallona. "An ce kunnen dama yana nan yadda yake bara. Ba abin da ya ƙaru."

Auta ya shigo ya same mu, safarsa a jere a kan tebur.

"Mama, ki fahimce ni. Ina magana da manyana a waya, bango na rawa. Sau biyu ana yi mini faɗa."

"Bakinka ciwo yake? Ka ce Mama rage, in ƙi?"

"Na san halinki, da kin ce gidanki ne."

"Gidana ne mana. Da na faɗa, na yi masifata, sannan na kashe. Yau ka fara sanina? Kai dai ka ga tsohuwa ba ta iya karatu ba."

Ya ce in yi haƙuri, idonsa na kan wayarsa. Na ce wannan haƙurin ya riƙe abinsa. Abu biyu nake so. Ya kira yayarsa a gabana ya gaya mata abin da ya karanta mini a mota, kalma bayan kalma. Kuma ya bi ni shago, inda na ci mutuncin bawan Allahn nan, ya faɗa wa jama'a wanda ya cusa safa.

Mai gyara ya ce, "Mama, ni na yafe, a bar shi." Na ce ba da kai nake ba.

Yayarsa ya kira, don ya san in bai kira ba ni zan kira ta, kuma tsoronta yake ji. Shago kuwa yau kwana tara yana ce mini gobe. Na gaya masa in Litinin ta wuce bai je ba, ya nemi ɗaki a wani wuri. Maganin hawan jinina ma yanzu maƙwabciyata nake kai wa ta karanta mini, safe da yamma, shi kuwa yana zaune a bayan bango.