Lissafin Bayan Katin Biki

Lahadi, tara ga Maris, ƙarfe bakwai da kwata na safe — ranar abin ya fara, kuma Malama Margaret ba ta kuskuren kwanan wata. Shekara talatin tana koyar da kimiyya kafin ta yi ritaya. Yanzu ga ta a kicin ɗinta na Salford, ga katin bikin, ga lissafinta a baya da jan biro.

Kwalba huɗu ta giya ɗanta Nentawe ya sha a bikin da aka yi a Aston, inda suka kwana. Huɗu. Ta tambaye shi. Nauyinsa ta sani. Hanta na ƙone awo ɗaya duk sa'a, haka ta koya wa yara... ya yi barcin sa'a tara... to ina arba'in da biyu ta fito a gwajin numfashi? Iyaka talatin da biyar, in ji ɗan sanda a bakin babban titin M6, abin hurawa na gwajin giya a hannunsa. Fitilar baya ce fa kawai ta mutu, shi ya sa ya tsayar da motar.

Jibi kotu. Shekara guda ba lasisi. Ba lasisi, ba aiki — tsofaffin da yake bi gida-gida yana kula da su, a bas zai bi su? In sun kore shi fa?

Shi kuwa Alfred, dattijon coci, ya miƙe gaban jama'a: "Mu sa ɗan Malama a addu'a, kwalba ta kama shi." Addu'a ce wannan ko tallan mutum?

Burkutun nan da wata ta dafa ta kawo a jarka... kofi nawa? Jarka ba ta da takarda, ba ta da lamba. Kuma cikinsa ba komai, yini ya yi yana jigilar kujeru. Ba ta tambaya ba. Me ya hana ta tambaya?

"Mama, kaina bai sake ba, let's wait till twelve," in ji Nentawe da safiyar nan.

Sujada ƙarfe goma. Ba ta taɓa makara ba. Ta ɗaga katin: lissafi ba ya ƙarya. Makullin motar — da hannunta ta miƙa masa...

A'a. Alfred. Alfred ne. Shi ya kamata ya tsaya inda ya tsaya, gaban mutanen nan dai, ya ba yaron haƙuri da babbar murya.

Ta ajiye biron. Kwana biyu ƙofar Nentawe a rufe.

Dole wani ya tashi gaban kowa ya ce, "Ni ne, ka yafe mini." Dole. Wani...