Akwatin Hajiya Zubaidatu

Bututun ruwan maƙwabcin sama ne ya fashe, ruwa ya yi ta zuba a falon wata mata mai suna Turai a unguwar Sharafiyya. Kamfanin inshora kayan mai gida kaɗai yake biya. Akwatin da ya fi shan ruwa kuwa amana ne. Hajiya Zubaidatu, tsohuwar da ta zo umra daga Katsina, ita ta bar mata shi ta wuce Madina.

"Yaya, ki ce naki ne, halas," Bandar ƙanin Turai ya raɗa mata.

Ma'aikacin inshora ya tsuguna ya buɗe akwatin. Ya ɗago abayoyi suna ɗiga.

"Naki ne?"

"Nawa ne," ta ce.

Darduma ma ta ce tata ce. Can ƙasa ya zaro farin yadi a ninke, likkafanin da tsohuwar ta wanke da zamzam don ranar tafiyarta.

"Wannan ma naki ne?"

Bandar ya taka mata ƙafa.

"A'a," ta ce. "Mayar da komai, akwatin amana ne. Nawa likkafanin yana nan tafe."