Abin da Na Yanke a Littafin Auta

Shekara talatin da ɗaya ina ɗinkin littattafai, kuma ba abin da na tsana irin littafin da aka yi wa rubutu a gefe. Ƙazanta ce. Ɗalibi ya sami fensir, ya ga farin fili, sai ya hau zane-zane kamar an aiko shi. Mu a wajenmu maganin abin ɗaya ne: ka ɗinke, ka shafa gam, ka matse, ka sa a injin yanka, wuƙa ta sauko sau uku, littafi ya fito fes kamar yau aka buga shi. Ba wanda ya taɓa kawo mini ƙorafi a kan haka.

Ɗana Auta yana da shekara goma sha shida a lokacin. Wata biyar rabon da ya yi mini maganar da ta wuce "ina kwana" da "to". Ba faɗa muka yi ba, da faɗa ne ai da na san inda zan kama. Haka kawai yaro ya ɗauke wuta. Ya ci abinci a tsaye, ya shige ɗaki, ya ja ƙofa. In na tambaye shi makaranta ya ce lafiya lau. Na yi faɗa, na yi lallashi, mahaifiyarsa ta ce faɗana da lallashina duk murya ɗaya nake yin su. Abin yana cina, ba zan ɓoye ba. So nake yaron nan ya dube ni ya faɗa mini wani abu, ko da rashin kunya ce.

Wata Litinin da safe sai ga shi a shago, da kayan makaranta a jikinsa, jaka a baya. Rabonsa da shagon har na manta. Ya ajiye wani littafi a kan teburina, tsakanin zare da kwanon gam.

"Baba, ka karanta wannan."

Na juya littafin. Bango ya cire, shafuka sun kwance, ruwa ya taɓa shi har gefen ya kumbura, ga rubutun fensir ko'ina a gefen. Na ce, "Wannan ai gawa ce. Wa ya yi masa haka?"

"Ka dai karanta," in ji shi, ya fita.

Tawada, mai injin bugawa da muke shago ɗaya, ya leƙo ta kan kafaɗata. Tun muna samari yake kirana Tela, wai ni telan littafi ne. "Kai, Tela! Ina ka samo wannan? Wallahi sau huɗu na karanta shi."

Tsohon labari ne da ya yi suna, irin wanda ake ba ɗalibai shekara da shekaru. Na ɗinka kwafinsa ya fi ɗari, ban taɓa buɗe ko ɗaya don karatu ba. Mai ɗinki ba ya karanta abin da yake ɗinkawa, lambar shafi kawai yake bi. Amma tunda Auta ne ya buɗe baki ya roƙa, na sa tabarau, na riƙa ci kaɗan-kaɗan tsakanin aiki, kwana uku.

Ga labarin: wani yaro ne, kullum da safe ya sa kayan makaranta, ya ɗauki jaka, ya tafi tashar jirgin ƙasa ya zauna a benci. Sai lokacin tashi ya yi, ya koma gida. Zango guda cur yana haka, ba wanda ya gane. Bai hau jirgin ba, bai yi sata ba, bai yi budurwa ba. Zama kawai, da kallon mutane, da ganin laifin kowa. Shafi ɗari biyu! Ina karantawa ina tsaki.

"Me ke damunsa?" na tambayi Tawada ranar Laraba. "Ubansa na da aiki, uwarsa na dafa masa, ba a dukansa. Me ke damunsa?"

"Ai shi ne daɗin littafin. Shi kansa bai sani ba."

"Wanda bai san abin da ke damunsa ba, ƙoshi ne ke damunsa."

Tawada ya kashe inji, abin da ba ya yi ko don abinci. "Tela, ina ɗan sha bakwai na karanta shi, sai na ji kamar wani ya leƙa cikin kaina ya kwafe. Kana cikin gida, kowa na sonka, amma kamar baƙo kake. Ba ka taɓa jin haka ba?"

"Ina sha bakwai ina dafa gam tun asuba. Ina na ga lokacin jin wani abu?"

"To shi ya sa," in ji shi, ya kunna injinsa. Ban tambaye shi me yake nufi ba, don na san in na tambaya zai faɗa.

Da yamma babbar 'yata ta biyo gida daga asibiti. Nas muke ce mata tun kafin ta gama karatun, har sunan ya bi ta. Muna cin abinci, sai na lura Auta bai shige ɗaki ba. Yana tsaye a bakin ƙofa da faranti a hannu. Na ji daɗi, sai bakina ya buɗe. Na ce na gama littafin nan nasa.

Nas ta ce, "Wayyo, littafin nan. Ina 'yar sha biyar kuka na yi ta yi a kansa. Bara na sake karantawa, sai haushi ya kama ni. Uwarsa nake tausaya wa, tana goge masa kaya kullum, shi yana can yana raina duniya."

Mahaifiyarsu ba ta damu da littafi ba, amma ta ji labarin a bakinmu. Ta ce, "Shi yaron, yana cin abinci kuwa a tashar?"

Na yi dariya. "Bar batun abinci. Littafin ƙarya ne zalla. Yaron ɗan gata ne da bai san wahala ba, wannan ɗaya. Na biyu, wane uba ne ɗansa zai yi wata uku ba ya zuwa makaranta, bai sani ba? Wannan ba uba ba ne, hoto ne aka rataye a bango."

Auta ya ce, "Baba, ka karanta duka?"

"Har shafin ƙarshe."

"Duka duka?"

"Na ce maka har ƙarshe. Ko sai na yi maka rantsuwa?"

Ya dube ni. Sannan ya ce "to", ya ajiye farantin da abincin a ciki, ya shige.

Na kwana da abin a raina. Na san na yi zafi, yaro ya kawo maka abin da yake so, ka zage shi tas a gaban 'yar uwarsa. Ni kuwa ban iya ba da haƙuri da baki ba, ban taɓa iyawa ba. Abin da na iya shi ne allura da zare. Ranar Alhamis na ture aikin mutane gefe, na zauna wa littafin Auta tun safe. Na kwance shi gaba ɗaya, na goge tsohon gam, na liƙe shafukan da suka yage, na ɗinke da zare mai kyau wanda nake ɓoyewa don manyan ayyuka. Na matse shi har la'asar. Da na zo yanka, gefen ya lalace sosai da ruwa da fensir, sai na shigar da wuƙa ciki, wajen faɗin yatsa. Ta sauko sau uku. Tarkacen ya zuba a buhu tare da na ranar. Na yi masa bango na baƙin yadi a kan kwali mai kauri. Har Tawada sai da ya ce, "Tela, yau ka yi aiki."

Ranar Juma'a da yamma na miƙa masa. Ya karɓa, ya shafa bangon, ya buɗe tsakiya, ya buɗe ƙarshe. Ya bi gefen da babban yatsansa a hankali, sama zuwa ƙasa. Ban ga komai a fuskarsa ba.

"Ya yi kyau, Baba. Na gode."

Na tafi na gaya wa mahaifiyarsa ina washe baki. Na ce kin gani, yaro ya fara sakin jiki.

Ranar Litinin ya sa kayan makaranta, ya ɗauki jaka, ya fita. Bai dawo ba.

Washegari na je makarantar. Malamin ajinsu ya buɗe rajista, ya juyo mini da ita, ya bi layin da yatsa. Tun sati na biyu na zangon Auta bai taka ajin ba. Sun kira lambar da ke takardarsa, tsohuwar lambata ce da na daina amfani da ita, sai suka ɗauka an canza masa makaranta. Malamin ya tambaye ni, cikin ladabi, ko ban lura da komai ba a gida. Na tsaya da hula a hannu kamar wanda aka kama da sata.

Da na koma gida na tarar da Nas a ɗakin Auta, zaune a bakin gadonsa. Littafin ya bari a kan matashi. Tana buɗe shi shafi-shafi.

"Baba, wa ya yanke gefen nan?"

"Ni. Ya lalace ne, duk zane-zanen ɗalibai."

"Ba ɗalibai ba ne. Rubutun Auta ne."

Ta nuna mini abin da wuƙa ta bari, harafi biyu, harafi uku a bakin kowane layi. "Ba". "Ni m". "Yau". Kwana uku littafin yana hannuna, yini guda ina ɗinkinsa shafi bayan shafi, idona ya bi ta kan rubutun nan sau ɗari. Ban san rubutun ɗana ba. Na zauna a ƙasa.

Duk Asabar wani mai kiwon kaji yake zuwa ya kwashe buhun tarkacenmu, yana shimfiɗa wa 'yan tsaki. Na same shi a bayan gari. Ya buɗe mini akurkin, yana kallona kamar mahaukaci, na durƙusa cikin kashin kaji ina tonawa. Na san takardar, tsohuwa ce mai ruwan ƙwai, ta fita daban da farar takardar rasit. Silili ɗari ya kamata in samu, ɗaya ga kowane falle. Goma sha tara na samu, wasu a jiƙe, wasu an tsattsage su.

Ni da Nas muka shimfiɗa su a teburin shago, muna gwada kowanne da shafinsa, haruffa su haɗu. Tawada ya kashe inji ya fita waje. A inda yaron littafin ya fara zama a benci, Auta ya rubuta, "Ni ma haka." A wani wuri, "Yau ma na wuce ta ƙofar shago, kana ɗinki, ba ka ɗago ba." A wani, "Ba laifin kowa ba ne, ban san me ya same ni ba." Na falle na ƙarshe ya fi kowanne tsawo, kuma Allah bai sa kaji sun taɓa shi ba.

"Baba, in ka kai nan kada ka yi faɗa. Ina zama a bencin mai shayi bayan tashar mota, takwas zuwa biyu. Ka zo ka zauna kawai."

Tafiyar minti goma ce daga shagona. Mai shayin ya san shi sarai. "Yaron nan mai kayan makaranta? Kullum yana nan, ba ya magana. Satin da ya wuce ne ya riƙa kallon hanya. Ranar Alhamis ma kofi biyu ya sa na haɗa, ɗayan ya ajiye a gefensa har ya huce." Ranar Alhamis ɗin nan ina shago, ina zaɓar masa zare mai kyau.

Mun kai rahoto wajen 'yan sanda, mun buga hotonsa a injin Tawada, mun liƙa a kowace tasha. Nas ta bi asibitoci. Wani direba ya ce kamar ya ɗauki mai kama da shi, wani ya ce a'a. Mahaifiyarsa har yau tana raba abinci da nasa, kuma ba ta taɓa ce mini kai ne ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Abin da ke hana ni sukuni ɗaya ne. Na ce masa na karanta duka. Da ya bi gefen nan da yatsa ranar Juma'a, ban san abin da ya ɗauka ba: ko ya gane ban gani ba, ko yana zaton na gani, na karanta, na sa wuƙa na yanke.

Wata bakwai ke nan. Na sake karanta littafin sau biyu a kan bencin, kuma har yanzu ba na son yaron da ke ciki, haushi yake ba ni. Ran nan Tawada ya zo ya zauna kusa da ni, yana neman abin da zai faɗa, ya ce in tuna a ƙarshen labarin yaron ya koma gida da ƙafarsa. Na ce masa ai tun farko na gaya maka littafin ƙarya ne. Bai yi gardama ba, shi da ba ya barin gardama ta wuce.

Aikin shago yanzu sai bayan ƙarfe biyu nake taɓa shi. Da safe ina bencin tun takwas, da littafin a cinya, bangon a sama, yadda wanda ya fito daga tasha zai iya hango shi.