Talatar Mai Lamba 214

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ni ba marubuciya ba ce, mai karatu ce kawai. Shekarata sha shida, kuma ko a aji malama ta kira sunana sai muryata ta maƙale. Sau uku ina yage shafin nan. Amma abin ya tokare mini ƙirji, ba ni da wanda zan gaya wa sai takarda.

Sunana Dasom. Mu uku ne a gidanmu, can hawa na tara a wani dogon bene: ni da Babana da Kaka, wato mahaifiyarsa. A shekarar annobar, wayar kowa a unguwarmu takan yi ƙara sau biyar ko shida a yini. Ofishin lafiya ne ke turo saƙo: an samu mai lamba kaza ya kamu, ga inda ya taka, ga ƙarfe nawa, duk wanda ya je can ya zo a gwada shi. Ba a faɗin suna, sai lamba. Idon Kaka ba ya ganin ƙananan rubutu, don haka ni ke karanta mata, ita kuma ta yi sharhi tana gyaran tsiron wake.

"Mai lamba 187," in ce. "Gidan wanka, gidan miyar ƙashi, ɗakin waƙa, sai wani ɗakin waƙar."

"Tirƙashi! Ƙafarsa ƙaiƙayi take yi? Ya bar wa mutane garin mana. Ci gaba, uwar tabarau, ina kuma ya je ya zuba musu?"

Baba kullum ƙarfe takwas yake fita, da kwat da jaka da abincin ranar da Kaka ta ƙulla masa. Ita ke goge masa riguna, biyar, ɗaya ga kowace rana.

Wata Talata, lokacin daga gida muke darasi, na bar kwamfuta a kunne malamin lissafi yana ta bayani, na sulale zuwa laburaren unguwa. An buɗe shi bayan dogon rufewa, ni kuwa na karance duk abin da ke gidanmu har da takardar maganin Kaka. A bakin ƙofa akwai littafi, kowa ya rubuta sunansa da lambar wayarsa. Na ɗauki biro, sai na ga rubutun Baba layi huɗu sama da nawa. Na san hannunsa, shi ke sa hannu a takardun makarantata. Amma sunan ba nasa ba ne, lambar ma ba tasa ba ce.

A ɗakin jaridu na hango shi, ta tsakanin kantocin littattafai. Yana zaune da kwat ɗinsa, shafin neman ma'aikata a gabansa. Ashe kamfaninsu ya daɗe da rufewa. Kusa da shi wani tsoho ne mai hular ulu da koren fulas. Baba ya yi tari cikin takunkumin fuska, ya sake yi.

"Kai, ɗana, maƙogwaron nan ya bushe," in ji tsohon. Ya zuba shayin sha'ir a murfin fulas ya miƙa masa. "Sha. Tsohuwata takan ce ya fi allura."

"Haba, Baba Pyeon, ai an hana..." in ji Babana.

"An hana tsoho ya ba ɗansa ruwa? Karɓi, hannuna ya gaji."

Wa zai bar dattijo da hannu a miƙe? Baba ya karɓa da hannu biyu, ya janye takunkumi, ya kawar da fuska gefe yadda ake yi gaban manya, ya kurɓa. Ya mayar masa da murfin. Tsohon ya shanye ragowar, ya goge baki yana murmushi. Ni kuwa na fice ban ari ko littafi ɗaya ba.

Ranar Juma'a zazzaɓi ya rufe Baba. Ranar Asabar mutane masu fararen kaya tun daga kai har ƙafa suka tafi da shi. Aka gwada ni da Kaka, ba mu kamu ba, amma aka ce mu killace kanmu kwana goma sha huɗu, ko shara kada mu fitar. Suka aje mana kwalin shinkafa da gwangwanin kifi da ma'aunin zafi a bakin ƙofa.

Da hantsi Baba ya kira ni daga asibiti, muryarsa a dashe.

"Dasom, za su kira gida. Na ce musu a gida nake aiki satin nan. Haka za ki ce."

"Baba, na gan ka. Ranar Talata."

Ya sassauta murya.

"Kin ga littafin ƙofa ma?"

"Na gani."

"To kin san laifi ne. Idan saƙon ya fita, unguwa kaf za ta ji. Kakarki za ta ji. Da ƙafa nake zuwa, wayata a kashe, babu abin da zai nuna. 'Yata, ki rufa mini asiri."

"Tsohon fa?"

"Lafiyarsa ƙalau. Ya fi ni ƙarfi." Sai tari ya sarƙe shi, ya kashe.

Matar ofishin lafiya ta kira bayan awa guda. Kaka ta ce, "Me? Wa? Ungo, ke kunnenki sabo ne," ta miƙo mini wayar. Matar tana magana da sauri, kamar wadda ke da mutum ɗari a layi.

"Mahaifinki yana gida daga Litinin zuwa Alhamis?"

Na buɗe baki. Ina da amsar a shirye, cikakkiya, har da lokaci da kujerar da ya zauna. Abin da ya fito shi ne, "E."

Da yamma wayoyi suka yi ƙara. Mai lamba 214: gida, kantin magani, gida.

"Na ɗana ne ko? Karanta mini."

"Ofis, kantin magani, gida," na ce.

"Kin ji ba! Ɗana ba ɗan yawon ta-zubar ba ne. Su koya a wurinsa."

Daga nan sai ƙirga kwanaki. Safe da yamma muna auna zafi mu tura wa ofishin lafiya. Ina goge hannun ƙofa da maganin kashe ƙwayoyi, ina wanke hannu har fatata ta tsattsage, muna cin abinci kowa a ɗakinta. Duk abin da aka ce na yi, na yi. Amma murfin fulas ɗin nan babu sabulun da zai kai gare shi. Na karanta cewa cutar takan yi kwanaki tana kwance kafin ta tashi, kuma ta fi kayar da tsofaffi. Na karanta da yawa. Karatu ne kaɗai na iya. Ina tsayawa a taga ina kallon rufin laburare, ga shi nan kusa, tafiyar minti goma, kamar a wata ƙasa.

Ranar Litinin na kira laburaren.

"Don Allah, akwai wani tsoho mai koren fulas, sunansa Pyeon..."

"Yarinya, tsofaffi masu fulas sun fi kujerunmu yawa," in ji mutumin, yana 'yar dariya. "Kakanki ne ya ɓata? Wace ce ke magana?"

Na kashe.

Sai ranar Laraba na iya kiran matar ofishin. Kwana takwas da shan shayin. Na rubuta maganar a takarda na karanta mata kamar mai ba da hadda, don kada in sake cewa "e". Ba ta yi mini faɗa ba. Numfashi kawai ta ja.

"Kwana huɗu kika riƙe wannan?"

"E."

"To. An gode da kika faɗa."

Kafin la'asar sabon saƙo ya fita: mai lamba 214 ya je laburare kwana huɗu a jere, duk wanda ya shiga ya zo gwaji. Aka rufe wurin. Kaka ta ɗago daga kwanon wakenta.

"Wane ne kuma yau, uwar tabarau?"

Wannan karon na karanta mata yadda yake. Ta tambayi lambar, na maimaita.

"Laburare," ta ce a hankali. "Ofishin ke nan."

Ba ta yi sharhi ba. Ta tashi ta ciro rigunan nan biyar, gogaggu ne tun makon jiya, ta sake goge su ɗaya bayan ɗaya.

Kashegari na sake kiran matar, na tambaye ta ko sun sami Baba Pyeon.

"Ba na ba da bayanin kowa," ta ce. Sai kuma ta sassauta. "Mun kira duk wanda ya bar lamba. Wasu tsofaffin ba su da waya, suna kawai suka rubuta. Mun manna takarda a ƙofa."

Takarda a ƙofar da aka rufe. Kullum ina bin sababbin lambobi, 230, 241, ina duba shekaru. Ɗan shekara saba'in da wani abu, namiji, an samu uku. Ba suna. Babu hular ulu a cikin saƙo.

Baba ya dawo bayan sati uku, kwat ɗin ya yi masa yawa. Bai tsawata mini ba, bai kuma yi mini zancen ba. Akwai wasiƙar hukuma ta binciken ƙaryar da ya yi a kan firij da har yau ba wanda ya ɗauke. Sau ɗaya kawai, muna shanya kwanuka, ya ce, "Kin ji wani labari game da tsohon?" Na girgiza kai. Ya ci gaba da shanya.

Da aka sake buɗe laburaren na je. An cire littafin ƙofa, yanzu waya ake nuna wa na'ura. A ɗakin jaridu an ɗaure kujerar nan da jan zare. Na je sau huɗu, safe da rana. A na huɗun, ina fitowa, idona ya faɗa kan kantar da ake aje kayan mantuwa: laima biyu, safar yaro ƙwaya ɗaya, da koren fulas. An manna masa 'yar takarda mai kwanan wata. Juma'ar da zazzaɓi ya rufe Baba ce. Wataƙila mantawa kawai ya yi. Wataƙila 'yarsa ta ɗauke shi zuwa ƙauye ta saya masa sabo. Na tsara masa labarai da yawa irin wannan, shi ya sa ma na ɗauka zan iya rubutu.

"Naki ne?" in ji ma'aikaciyar. "Ko kin san mai shi? Tsaya in kira wanda ya tsince shi, ya daɗe yana tambaya."

Ta shiga ciki. Na ji tana ƙwala wa wani kira. Na gyara takunkumina har ƙarƙashin tabarau, na bi jikin bango, na fita ta ƙaramar ƙofar gefe kafin su fito.